Ankon Teku: Riga Goma Sha Biyu, Kyaftin Goma Sha Ɗaya

Wanda ya san Jidda ta hanyar aikin Hajji kaɗai, iyakar saninsa rumfunan filin jirgi ne, da kasuwar Balad, da layin sayen kazar Albaik. Bai san Abhur ba. Sai ka bar tsakiyar gari ka miƙa arewa wajen kilomita 30, ka wuce filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, sannan za ka iske inda Bahar Maliya ta kutso cikin tudu, siririya, doguwa, ruwanta a kwance luf. Gaɓar kudu da ta arewa duk wuraren ɗaure jiragen ruwa ne da gidajen hutu. Daga yammacin Alhamis zuwa daren Asabar wurin ba ya rabuwa da ƙarar inji da ihun yara. Akwai jiragen manya, masu ɗakin kwana da na'urar sanyi, waɗanda masu su ba sa leƙowa sai jifa-jifa. Akwai na masunta. Akwai kuma na haya, wanda za ku haɗa kuɗi ku goma ko sha biyu ku ɗauka na 'yan awanni, da matuƙinsa da ƙanƙararsa da ƙugiyoyin kamun kifi. Mutanenmu a sahu na uku suke, kuma hakan bai dame su ba, sai dai in an zo ɗaukar hoto.

Fita tekun ba ita ce rigimar ba. Rigima ta tashi ne ranar da wani ya hango ma'aikatan wani babban jirgi sun jeru cikin tishat iri ɗaya, da sunan jirgin a ƙirji, ya ce mu ma me zai hana. Zargina ya fi karkata ga 'yan shekarun nan. Tun da aka kawo tseren motocin Formula 1 bakin tekun Jidda a Disamban 2021, aka buɗe kulob ɗin jiragen alfarma kusa da filin tseren, sannan a ƙarshen 2023 aka yi zagayen share fage na gasar jiragen America's Cup a garin, ido ya saba da ganin ƙungiya cikin kaya ɗaya a kan ruwa. Amma kada a ɗora wa Turawa laifin da ba nasu ba, Bahaushe bai jira kowa ya koya masa anko ba. Abin da ya bambanta shi ne, ankon biki yana hannun mata, kuma sun daɗe da shimfiɗa masa dokoki. Ankon jirgi kuwa ya faɗa hannun maza, masu zaton buga riga goma sha biyu aikin yini ɗaya ne. An ƙirƙiro rigar ne don kowa ya saje da ɗan'uwansa, sai ga shi ita ce ke fito da halin kowa fili.

Mai tayar da ƙurar shi ne Uban Tafiya. Ba shi da jirgi, wani lokaci ko mota ba shi da ita, amma wayarsa ba ta mutuwa. Ƙarfe ɗaya na dare zai buɗe zauren WhatsApp, ya raɗa masa dogon suna, ya tsunduma mutum ashirin ciki ba tare da ya tambayi kowa ba. Saƙonsa na farko murya ce ta minti bakwai da ta fara da, "Salamu alaikum 'yan'uwa, wata 'yar shawara ce ƙarama." Komai aka tambaye shi, amsarsa, "Ai abu ne mai sauƙi." Kafin mako ya zagayo, shi ne na farko da zai yi barazanar ficewa daga zauren da shi ya buɗe.

Abin da ke kai shi ga haka shi ne tambaya ɗaya da ya yi da kyakkyawar niyya: me za a rubuta wa kowa a baya? Nan Masu Neman Muƙami ke bayyana, kuma su ne suka fi yawa. Alhajin da ya biya kaso mafi tsoka na kuɗin haya ya ce a rubuta masa Kyaftin, wannan ba a ja da shi ba. Wanda ya girmi kowa ya ce in haka ne shi Babban Kyaftin. Wanda ya taɓa haye Kogin Kwara a kwale-kwale daga Yawuri ya tunatar da jama'a cewa shi kaɗai ne ke da ƙwarewa a aikace. Wanda ɗan'uwansa ke sojan ruwa a Legas ya ce abin a jini yake. Da aka ga turancin ya ƙare, sai aka koma fada: Sarkin Ruwa, Wazirin Teku, Ciroman Gaɓa, Madakin Ƙugiya. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, Sarkin Ruwa mutum ne da ba a shiga kogin Matan Fada sai da izininsa. A Abhur kuwa mai sayar da turare ne wanda ko a kwamin wanka ba ya yarda ruwa ya wuce masa gwiwa. Babu wanda ya taɓa cewa a rubuta masa ɗan aike, ko mai ɗaure igiya, alhali jirgi ya fi buƙatarsu. Kyaftin ɗaya da na sani cikin masu ɗauke da sunan Hausawa a ƙasar nan wanda ba a yi musu a kan muƙaminsa ba shi ne Usama Hawsawi, da ya ja ragamar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, shi ma a kan ciyawa ya yi nasa.

A gefe guda akwai Mai Tawali'u. Shi cewa zai yi, "Ni dai kada a rubuta min komai, duniyar nawa take." Sai ya maimaita da safe, ya maimaita da yamma, ya kira Uban Tafiya a keɓe ya tabbatar an ji. Ranar fita, bayansa marar rubutu ya fi na kowa jan ido, kuma duk wanda bai lura ba zai juya masa baya ya nuna masa.

Duk wannan ana yinsa ne ba a tuna da mutumin da zai riƙe sitiyarin ba. Bayamane ne, ko Bamisire, ko mutumin Indiya, rana ta gasa shi, sanye da koɗaɗɗiyar rigar tallan wani kamfanin fenti da ya samu kyauta. Gaɓar Jidda cike take da duwatsun murjani da ke laɓe ƙasa da ruwa kaɗan, tun zamanin jiragen iska matuƙa ke shakkarsu, kuma shi kaɗai ne a jirgin ya san inda suke. In an yi sa'a wani ya tuna da shi a ƙarshe, sai a miƙa masa rigar wanda bai zo ba. Haka za a fita teku, mutumin da rayukan kowa ke hannunsa bayan ikon Allah yana tuƙi, bayansa na cewa Mataimakin Ma'aji.

Sai Mai Zane. Kullum ɗan ƙanin wani ne, ɗalibi, wai ya iya kwamfuta. Ba ya ƙin shawarar kowa, wannan ita ce masifarsa. Kawu ya ce a sa ƙugiyar tsayar da jirgi, ya sa. Yaya ya ce a sa dagin Arewa don a san daga inda muka fito, ya sa. Wani ya ce ina maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda tun 1985 take feshin ruwan teku sama da mita 250, ai ita ce alamar Jidda, ya cusa ta. Aka ƙara dabino, da taswirar Najeriya, da ta Nijar don kada 'yan Maraɗi su yi fushi, da zaki, wanda har yau ba a gano abin da ya kawo shi teku ba. Ranar da aka kai zanen shago, mai shago ya ƙirga launi tara, ya ɗago kai ya dubi yaron da tausayi.

Tausayin yana da dalili, kuma wanda ya san dalilin shi ne Injiniya. Kowace ƙungiya tana da nata. Ba lallai ya karanci injiniyanci ba, amma ya taɓa yin kwangilar rigunan kamfe a Kano, ya san Fagge, ya san Kantin Kwari, kuma ya ƙi mantawa. Zai bayyana cewa bugu iri-iri ne. Akwai na allo, inda ake ɗame ƙyallen raga a jikin katako, a toshe ko'ina ban da inda zanen yake, a ja tawada a kai da faifan roba. Kowane launi da allonsa, saboda haka launi tara allo tara ne, kuma kuɗin haɗa allon ɗaya ne ko riga 12 za a buga ko 500. Shi ya sa ɗan siyasa ke samun riga da araha, 'yan jirgi kuwa su ji a jikinsu. Akwai na leda da ake yankewa a manna da injin guga: ya fi dacewa da sunaye da muƙamai, amma rana da wanki da ruwan zafi kan sa shi ɗagowa ta gefe. Akwai wanda ake buga hoton a fim sannan a manna, wanda bai damu da yawan launi ba, sai dai in zanen ya cika baya, wurin ba ya shan iska, gumi ya taru a ƙarƙashinsa. Akwai wanda zafi ke mayar da tawadar tururi ta shige cikin zaren kanta, ba ya ɓarewa, ba ya nauyi, amma sai a kan yadin roba mai haske, ba ya kama auduga, ba ya fitowa a baƙi. Akwai kuma aikin zare na kwamfuta, mai ƙarko da kwarjini, wanda ake lissafin kuɗinsa da yawan ɗinkin. Zai ƙara da cewa Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a kowace lita inda matsakaicin tekun duniya yake 35, don haka a ɗauraye riga da ruwan daɗi da zarar an dawo. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Illarsa ita ce ya faɗe shi cikin saƙon murya goma sha ɗaya a jere, ba wanda ya saurari ko na biyu. Daga baya, in abin ya lalace, zai tura kalma uku kacal: "Ai na faɗa."

Ustaz shi ma yana da gaskiya, kuma a nan ina bayansa. Wani mai kyakkyawar niyya zai kawo shawarar a buga addu'ar da Annabi Nuhu ya yi wajen shiga jirgi, wadda ke cikin Suratu Hudu, a ƙirjin riga don neman tsari. Ustaz zai tambaya a hankali: rigar da za a shiga banɗaki da ita, a goge yauƙin kifi a jikinta, a jefa ta kwandon wanki tare da safa? Magana ta mutu. Haka ya kashe shawarar sa tutar Saudiyya, mai ɗauke da kalmar shahada, wadda ko ranar makoki ba a sassauto ta. Inda muka rabu da shi shi ne kan kifin da aka sa a zanen. Ya ce hoton mai rai ne. Aka yi kwana biyu ana jan hujjoji, a ƙarshe aka yi sulhu aka cire wa kifin kai. Zakin kuwa ya tsira da nasa, don wanda ya kawo shawararsa shi ne mai biyan kuɗin man jirgi.

Launi nasa yaƙin daban. A Jidda ba a zaɓen launi da ido, da zuciya ake yi. Ka ce rawaya da baƙi, ka zama ɗan Ittihad, kulob ɗin da ke nan tun 1927, kuma rabin jirgin sun fasa tafiya. Ka ce kore da fari, ka zama ɗan Ahli, ƙaninsa na 1937, ɗaya rabin sun fasa. Yaran da aka haifa a nan sun fi ɗaukar wannan da zafi fiye da duk wata gardama ta gida. Ka ce to a yi ja, sai wani Bakano ya yi gyaran murya ya ce shi bai zo Saudiyya don a sa masa kayan Kwankwasiyya ba, wani kuma ya ce in ba ja ba shi ba ruwansa. Ana cikin haka sai Mai Son Baƙi ya miƙe. Hujjarsa ɗaya, baƙi ya fi aji, kuma yana ɓoye tumbi. A garin da aka auna zafin digiri 52 a watan Yunin 2010, garin da danshin iskarsa ke jiƙa mutum yana tsaye a inuwa, shi baƙar riga yake so a tsakiyar teku da azahar. Yawanci a kan ƙare da shuɗi, ba don kowa na sonsa ba, sai don babu wanda ke ƙinsa har ya yi rantsuwa.

Tambayar sayis kuwa ita ke gwada imanin mutum. Mai Ɓoye Tumbi zai rubuta L ba tare da ƙifta ido ba. L ɗin da yake nufi na shekarar da ya yi aure ne, kafin kabsa da mandi da shayi mai madara su yi aikinsu. Ba ya kuma sanin cewa rigunan da ake sarowa a Bab Sharif da Balad ba gwargwado ɗaya aka yanka su ba: XL na wani kamfanin Sin ya kan zo daidai da M na wani. Ranar rabo zai shige ɗaki ya daɗe, ya fito yana numfashi sama-sama, ƙugiyar da ke ƙirjinsa ta miƙe ta yi faɗi, ya ce yadin ne ya tsuke. Ba a wanke ta ba tukuna. Kishiyarsa shi ne siririn da ya nemi XXL wai don iska ta shiga, wanda in iskar ta shiga sai an riƙe shi.

Ma'aji bai nemi muƙamin ba. An ba shi ne don an san yana da kunya, kuma kunyar ce za ta cinye shi. Mai shago ya ce sai an ba da rabin kuɗi kafin ya taɓa inji, sai ya zaro daga aljihunsa, da zummar 'yan'uwa za su cika. Daga nan ya shiga hannun mutum biyu. Na farko Malam Zan Turo. "Yanzun nan, wallahi ina cikin mota ne." "Manhajar bankin ce ta ƙi buɗewa." "Kai, ban turo ba? Bari in duba." Na biyu Mai Lissafin Naira. A ce riga ta kama riyal 40, shi ba ya jin 40. Nan take zai buga a waya ya juya ta naira, ya dafe ƙirji, ya ce da wannan kuɗin a Kwari sai ya yi wa unguwa guda anko. Riyal a ɗaure take da dala a kan 3.75 tun 1986, naira kuwa kowa ya san halinta, saboda haka kullum lissafin nasa ƙara firgita shi yake yi. Da aka ce akwai harajin kashi 15 cikin 100 da ake ɗorawa tun Yulin 2020, sai ya nemi a cire masa aljihun rigar a rage kuɗin. Albashinsa dai da riyal ake biyansa, wannan ba ya juya shi.

Mai Shago mutumin kirki ne, kalmominsa uku: "Mafi mushkila, sadiƙ." Ka ce Alhamis kake so, mafi mushkila. Ka dawo Alhamis, bukra in sha Allah. Shagonsa na tallace-tallace ne, allunan kantuna da katin biki da hatimi, rigunanku goma sha biyu su ne mafi ƙanƙantar aikin da ke gabansa. Ba ya jin Hausa, kwamfutarsa ma haka. Yawancin salon rubutun ado ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, don haka inda aka rubuta Ƙungiya sai wani ɗan akwati ya tsaya a gurbin harafin farko, shi kuma ya ɗauka ado ne ya buga a haka. Larabcin ma bai tsira ba in Mai Zane ne ya shirya shi a manhajar da ba ta san rubutun dama zuwa hagu ba: haruffa su rarrabu, su juya baya, Balarabe ya tsaya yana karantawa yana karkata kai. Akwai dalilin da ya sa ake cewa a buga guda ɗaya a gani kafin a saki sauran. Akwai kuma dalilin da ya sa ba a yi: Uban Tafiya ya ce babu lokaci.

Duk wannan Hajiya na kallo daga kan kujera tana ɓare gyaɗa. Ta fitar da ankon bikin 'ya'yan dangi fiye da yadda za ta iya tunawa, na mutum ɗari, daga Jidda har Kano, ba a taɓa bin ta bashi ba, ita ma ba ta bi kowa ba. Dokarta gajeriya ce: ba kuɗi, ba yadi. Ba ta neman shawarar launi, sanarwa take yi. Sau ɗaya ta ce, "Alhaji, ku karɓi kuɗin kowa tukuna mana." Aka ce mata wannan harkar maza ce, akwai amana. Ba ta sake magana ba. In tafiyar ta iyali ce, nata ɓangaren ta gama shi tun makon farko: dogon hannu, tsawo har gwiwa, launin da zai hau kan abaya, da na yara da hulunansu na hana-sallah, kowanne a ledarsa da suna.

Wanda na fi so a cikinsu duka shi ne Baba. Irin dattijon nan da aka haifa a unguwar Karantina ko Sabil, Hausarsa ta tsofaffi ce da ba a jinta a Kano yanzu, rabinta kuma Larabcin Hijaz. Kakanninsa ba da jirgin sama suka zo ba. Da ƙafa suka taso, ta Borno da Wadai da Darfur, suna tsayawa su yi noma ko ɗinki ko ga-ruwa su tara guzuri su ƙara gaba, tafiyar da kan ci shekaru. Wasu sun bi ayarin da ya yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kai bakin Shuɗin Nilu aka kafa garin Mai Wurno. Da yawa a Sudan suka tsaya har abada. Waɗanda suka kai Sawakin suka shiga jiragen katako masu tafiya da iska, a cushe, suka haye wannan tekun dai da jikokinsu ke biyan kuɗi a zaga da su a kai. Saboda haka in aka ce, "Baba, za ka zo?" sai ya ce, "Ya waladi, kakana ya haye ruwan nan sau ɗaya, bai bar wasiyyar a maimaita ba." Amma riga kam a yi da shi. Zai zo bakin gaɓa da kujerarsa ta ninkewa da butar shayi, ya ɗora tishat ɗin a kan farar jallabiyarsa, hula a kai, carbi a hannu, ya zauna gadin takalma.

Zuwan nasa yana da dalili. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni da dama a Jidda, ciki har da Karantina da Sabil da Gulail da Kandara, inda mutanenmu suka yi shekara da shekaru ƙofa na kallon ƙofa. Wanda da za ka ƙwala wa kira ta taga, yanzu sai ka ci rabin awa a mota, wani ma ya koma Makka, wani ya koma gida. Fitar nan ta zama ɗaya daga cikin 'yan dalilan da ke tara su wuri guda. Don haka nake yi wa rigimar rigar uzuri, har da zakin.

Ranar fita, bayan an nuna iƙama da katin shaida an samu izinin dakarun tsaron iyaka, waɗanda su ke kula da shiga teku, kowa ya jeru a kan gadar katako, ƙirji a gaba. A nan Mai Hoto ke karɓar mulki. Zai tattara jama'a ya kai su gaban wani farin jirgi mai hawa uku da ba su san mai shi ba, a yi hoto, a yi bidiyo, kowa ya juya baya a ɗauki muƙaminsa. Kafin a kunce igiya ya riga ya saki a TikTok, 'yan'uwa a Katsina sun fara turo saƙon neman taimako. Wani lokaci shi daga nan yake juyawa gida, ai abin da ya kawo shi ya samu.

Sauran su taka zuwa nasu jirgin, wanda ya fi wancan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Matuƙi ya buɗe akwati ya fara miƙa rigunan kariya daga nutsewa, masu ruwan lemo, masu kauri, ya ce ba zai tayar da inji ba sai kowa ya ɗaura. Mako uku na gardama, da Kyaftin da Babban Kyaftin da Wazirin Teku, da kifi marar kai da taswira biyu, duk suka shige ƙarƙashin soso. Abin da ya rage a waje hannun riga ne, shuɗi.

Cikin Abhur ruwa lafiya lau, kowa jarumi. Da an fita bakin mashigar, igiyar ruwa ta fara ɗaga jirgin tana saukewa, sai surutu ya ragu. Sarkin Ruwa ne ke fara yin shiru. Ya daina dariya, ya ƙura wa wuri ɗaya ido, gumi ya keto masa, ya tambaya a hankali ko akwai lemon tsami. Jim kaɗan ya rungumi gefen jirgi, ya mayar wa teku da karin kumallonsa, yana salati yana alkawarin ba zai ƙara ba. Masunci kuwa, wanda ya zo da sandar kamun kifi mai tsada da labarin katon najil ɗin da ya kuɓuce masa bara, zai yini bai kama ko ɗan tsako ba. A hanyar gida zai ratse kasuwar kifi ta Bangala ya sayi hamur biyu, ya riƙe su a gaban rigar a ɗauke shi hoto.

Bayan mako biyu zauren ya yi tsit. Mai Tsaraba ya riga ya kwashe rarar riguna uku ya ba wata mai komawa Kano, kuma ba da daɗewa ba wani direban Adaidaita Sahu zai ratsa Ƙofar Nasarawa da Ciroman Gaɓa a bayansa. Ma'aji ne kaɗai bai rufe littafinsa ba, saura kuɗin mutum huɗu. Ranar Juma'a, ana fitowa masallaci, sai ga Malam Zan Turo sanye da rigar. Ma'aji ya yi gyaran murya, yana neman ta inda zai fara. Malam ya riga shi: ya kama hannunsa da hannu biyu, ya tambayi iyali, sannan ya juya ya nuna masa inda harafin farko ya fara ɗagowa a kafaɗa. Ya ce wanki biyu kacal. Ya ce don Allah in ya koma shagon ya gaya wa mutumin nan ya ji tsoron Allah, kuɗin mutane ba wasa ba ne.